Sharhi: Tiyatar furostat da mutum-mutumi, a yi tambaya kafin a biya

Dillalan asibitocin Indiya da Turkiyya sun cika Facebook da WhatsApp da tallan tiyata da mutum-mutumi, abin da masu jin Faransanci ke kira robo. Tallan na isa har wayoyin ƴan Nijar mazauna waje, waɗanda galibi su ke ɗaukar nauyi idan likita ya ce mahaifi ko kawu na da kansar furostat. Ƙaunar iyaye kan sa a nemi abin da ya fi tsada, bisa zaton shi ya fi aminci. Binciken likitoci bai goyi bayan wannan zato ɗari bisa ɗari ba, kuma ya kamata iyalai su san haka kafin su aika kuɗi.

Furostat wani ɗan ƙulli ne da maza kaɗai ke da shi, yana ƙarƙashin mafitsara, ya zagaye hanyar fitsari. Jijiyoyin da ke tada mazakuta na manne da gefensa, tsokar da ke riƙe fitsari kuma na dab da shi. Shi ya sa cire shi ke da wuya, ko da wane irin kayan aiki ne.

Na'urar da aka fi sani ita ce da Vinci ta kamfanin Intuitive Surgical na Amurka, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da ita a 2000. Ba ita ke yin aikin da kanta ba. Likita ne ke zaune gaban allo yana juya hannuwanta, waɗanda ake zurawa ta ƙananan huji a ciki. Tana da amfaninta: jini ba ya zuba da yawa, zafin ciwo na da sauƙi a kwanakin farko, kuma ana sallamar majinyaci da wuri.

Sai dai abin da namiji ya fi jin tsoro bai kau ba. Wani babban bincike a Suwidin da aka fitar a 2015 ya gano cewa shekara guda bayan aiki, kusan kashi 21 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa da na'ura na fama da yoyon fitsari, waɗanda aka tsaga kuwa kashi 20. Raunin mazakuta ya kama kashi 70 a ɓangaren na'ura, kusan 75 a ɗaya ɓangaren. A birnin Birisben na Ostareliya an raba maza 326 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kuma sakamakon da mujallar The Lancet ta buga a 2016 bai nuna wani bambancin a-zo-a-gani ba wajen riƙe fitsari da ƙarfin gaba. Akwai kuma abin da talla ba ya faɗa: duk wanda aka cire wa furostat ya daina fitar da maniyyi, haihuwa ta hanyar da aka saba ta ƙare ke nan.

Na'urar na da nata haɗurran. Ana kwantar da majinyaci kai a ƙasa ƙafafu a sama na tsawon sa'o'i, a hura masa iska a ciki, abin da ke takura huhu da zuciya, ya kuma ƙara matsin ido, musamman ga mai hawan jinin ido. A yawancin samfuran da ke aiki, likita ba ya jin taurin tsoka a hannunsa, da ido kawai yake aunawa. Ana iya raunata hanji, na'ura na iya tsayawa a tsakiyar aiki har a koma tsagawa. Wani nazari kan rahotannin da hukumar Amurka ta karɓa daga 2000 zuwa 2013 ya ƙirga matsaloli 10,624 a tiyata iri-iri da aka yi da mutum-mutumi, ciki har da mutuwa 144. Adadin ƙanƙane ne idan aka kwatanta da ayyuka sama da miliyan ɗaya da rabi da aka yi a lokacin, amma ya isa ya ƙaryata mai cewa babu haɗari.

Ga kuma batun kuɗi. Na'ura guda kan kai dala miliyan biyu, wato sama da miliyar ɗaya na sefa, kayan da ake ɗaura mata kuma ana sauya su bayan an yi aiki da su ƴan lokuta. A ƙarshe majinyaci ke biyan wannan. Asibitin da ya zuba irin wannan jari na da dalilin son kowa ya hau gadon tiyata.

Alhali ba kowa ke buƙatar tiyatar ba. Binciken ProtecT na Birtaniya ya bi maza 1,643 da cutarsu ba ta bazu ba. Bayan shekara 15, kusan kashi 97 cikin ɗari ba su mutu da ita ba, ko an yi masu tiyata, ko an ƙona cutar da haske, ko an sa masu ido kawai, ko da yake ta fi bazuwa a rukunin da aka sa wa ido. Wanda cutar ta riga ta kai wa ƙashi kuwa, cire furostat ba ya warkar da shi. Allurai da magungunan rage sinadarin maza yake buƙata.

Don haka kada a yi cinikin biri a sama. Kafin sayen tikiti, a kai sakamakon gwaje-gwaje wa likitan mafitsara a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya faɗi matakin da cutar take. A tambayi asibitin waje sunan likitan da zai yi aikin, sau nawa ya yi irinsa, mutum nawa cikin majinyatansa suka koma riƙe fitsari. A tambayi wa zai cire robar fitsari, wa zai riƙa duba gwajin jini na PSA bayan an dawo gida, da wanda zai biya idan matsala ta taso. Asibitin da ya kasa amsa waɗannan a rubuce bai cancanci gumin ɗan ci-rani ba.

Baƙar fata sun fi sauran jinsi kamuwa da wannan cuta; a Birtaniya ana ƙiyasta ɗaya cikin huɗu. Babban taimakon da matashi zai yi wa mahaifin da ya haura shekara 45 shi ne ya raka shi ganin likita tun cutar ba ta yi nisa ba, lokacin da zaɓi ke da yawa kuma kuɗin bai kai na jirgi ba.