Kunun zaƙi da burkutu: tsiro ɗaya, hukunci biyu

A Waca, tsohon garin Sosebaki da ke cikin gundumar Magarya, da wuya a ga macen da ta kafa tukunyar burkutu a tsakar gida, domin garin na musulmi ne. Amma kunun zaƙi kam, shi ne ƙaramin jarin matan aure da zawarawa, har da matan ma'aikata waɗanda albashin mazansu ba ya kai ƙarshen wata. Abin da mai shirin fara sana'ar ya kamata ta sani shi ne, kununta da giyar Azna hanya ɗaya suke tasowa.

Asirin duka yana cikin tsiro. Ana jiƙa dawa ko shinkafa kwana guda, a shimfiɗa a inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu ana yayyafa ruwa, bayan kwana 3 ko 4 sai ta tsira, a shanya, a niƙa. Wannan tsiro shi ke narkar da gasara ya mayar da ita sukari. Don haka ne kunun tsofaffi ke da zaƙi tun ba a san sukarin kanti ba. Mai kunu takan dama ƙullun gero da tafasasshen ruwa, ta bari ya huce, kana ta zuba gamin tsiro da citta da kanumfari, ya kwana a rufe, da asuba ta tace da rariya. In ta yi gaggawar zuba gami cikin zafi, tsiron ya mutu, ta wayi gari da koko, asarar tiya guda ke nan.

Mai burkutu kuwa, ko mai dolo ta Burkina Faso, daga nan take ci gaba: ta dafa ruwan tsiro, ta bar shi ya yi tsami, ta sake dafawa, ta zuba gindin tsohuwar giya, wanda yis ɗinsa ke cin sukarin ya haifar da barasa cikin kwana ɗaya ko biyu.

To, ga inda hatsarin yake. Yis ba ya jiran gayyata, yana cikin iska da jikin randa. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Damagaram ke wuce digiri 40, kunun da ya wuni ya kwana ba ƙanƙara yakan soma kumfa, jarka ta kumbura. Tsami kaɗai ba maye ba ne, hukuncin malamai kuma ga maye ya rataya. Sai dai mai saye ba ya tsayawa fatawa, da ya ji wari ya sauya mai kunu. Masu sana'ar sun ɗanɗana wannan a 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar da ke zuwa Maraɗi da Damagaram ta Katsina.

Saboda haka mai farawa ta auna ciniki kafin ta jiƙa gero: gara rabin tiya da za ta ƙare kafin la'asar. Ta kuma wanke randa da tafasasshen ruwa kowace safiya, kada ta taɓa haɗa ragowar jiya da sabon damu, domin ragowar nan ita ce gindin da mai burkutu ke ajiyewa da gangan.