Dakoro: A Baje Taswira Kafin a Kafa Turaku

Garin da ya girma dole ya ci gonakin da ke kewaye da shi. Dakoro ma haka take: ɗan kasuwa na neman inda zai gina wa iyalinsa, malamin makaranta da malamin asibiti sun gaji da haya. Don haka ba wanda ke ƙin a yanka sababbin filaye. Abin tambaya shi ne: wa ke bincika takardun kafin ma'aikatar magajin gari ta sa hannu, kuma a gaban wa?

Tun da aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a shekarar 2004, sayar da filaye ya zama hanya mafi sauƙi ta cika asusun da haraji bai cika ba. Hukumar da ke jiran kuɗin fili kuwa da wuya ta ce wannan wuri bai dace da gini ba. Alƙali ne ke da rabo cikin gadon da yake rabawa. A watan Afrilu na 2024 aka rusa waɗannan majalisu, aka naɗa masu riƙon ƙwarya. Hakan ya ƙara nauyin da ke kan mai sa hannu, domin ba sauran zaɓaɓɓen wakilin unguwa da zai tashi ya ce a dakata.

Dakoro ba kamar kowane gari ba ce. Tana bakin kwarin Tarka, inda noma ke haɗuwa da kiwo, kusa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata. Dabbobi na ratsa yankin kowace shekara, kasuwar garin ma da su take rayuwa. Burtalin da aka toshe da bulo, ba ya hana garke wucewa. Sai dai ya karkata shi cikin gonar wani. Jihar Maraɗi ba ta manta da Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a shekarar 1991. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye saboda irin wannan, dokar kiwo ta 2010 kuma ta hana mallake burtali da makiyaya. Ba doka aka rasa ba, aiki da ita aka rasa.

Ma'aikata sun san wannan darasi. Lokacin da gwamnati ta biya wani ɓangare na bashin albashin shekarun 1990 da filaye, da yawa sun karɓi takarda a wurin da ba ruwa, ba hanya, suka sayar da ita a wulaƙance. Ambaliyar da ta rushe gidaje a Maraɗi a daminar 2024 kuma ta nuna sakamakon gini ba tare da magudanar ruwa ba.

Abin da ya kamata ba shi da wuya. A liƙa taswira a ƙofar ma'aikatar magajin gari, kowa ya gani. A saurari kwamitin filaye, da sarakuna, da wakilan makiyaya. A biya masu gonaki hakkinsu kafin a kafa turke ko ɗaya. A ware wurin makaranta, da asibiti, da maƙabarta, kada a sayar da su daga baya. A bayyana kuɗin da ya shiga da abin da aka yi da shi.

Mai saye kuma ya nemi ganin takardar amincewar hukuma kafin ya zaro ko jika ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.