Goge lamba da waya ba ya gyara motar lantarki

Duk wanda wutar NEPA ta taɓa ƙona masa caza ya san abin da ake nufi da wuta ta yi ƙarfi. A waya asarar ba ta wuce cazar da za a sake saye a bakin titi ba. A motar lantarki kuwa, batirin shi ne abu mafi tsada a jikinta, kuma irin wannan matsala tana iya cinye shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 hankalin matasa ya fara komawa kan motoci da kekuna masu caji. An fara haɗa Hyundai Kona a Legas a 2020, an buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, ga kuma bas-bas na lantarki da Mustapha Gajibo yake haɗawa a Maiduguri. Motocin sun riga masu gyaransu isowa, shi ya sa da yawa suke komawa ga wayar hannu.

Yin hakan ba laifi ba ne. Da 'yar na'urar OBD2 mai Bluetooth da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, da manhaja irin su LeafSpy ga mai Nissan Leaf, mutum zai ga abin da motarsa ke ƙorafi a kai. Inda ake ɓata rawa da tsalle shi ne maɓallin goge lamba. Fitilar gargaɗi ta kama, mota ta ƙi karɓar caji, sai a danna gogewa, fitila ta mutu, a ce an gyara. Idan saƙon yana cewa ƙarfin wuta ya zarce ƙa'ida, wannan gogewa ganganci ce, domin an rufe bakin mai gadi ne alhali ɓarawo yana cikin gida.

Batirin yawancin tsofaffin samfuran Leaf ƙwayoyi 192 ne, an jera su bibbiyu a mataki 96, idan ya cika yana kai kusan 400V. Kowace ƙwaya tana da iyakarta, wajen 4.2V, daidai da batirin waya. Irin batirin LFP da BYD ke amfani da shi kuwa iyakarsa 3.65V. Na'urar kula da batir, wato BMS, tana auna kowane mataki daban, kuma ƙwaya ɗaya tak ta isa ta sa a katse cajin mota gaba ɗaya. Ƙwayar da ta tsufa fiye da 'yan uwanta ita ke rigan cika, kamar ƙaramin bokiti a cikin manyan jarkoki da ake tara wa ruwa lokaci guda. Idan aka ci gaba da ɗura mata wuta, sinadarin litiyam yana taruwa a inda bai kamata ba, zafi ya ƙaru, ƙarshenta gobarar da ke da wuyar kashewa. Tsofaffin samfuran Leaf ma ba su da tsarin sanyaya batir da ruwa, ga zafin Afrilu a Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40.

Amma ba kowane saƙon yawan wuta ba ne yake nufin batir ya lalace, kuma nan ne ake cutar masu motoci. Binciken kirki daga waje yake farawa, daga abu mafi araha. A fara da soket. Wutar gida 230V ya kamata ta kasance. Idan wayar niyutural ta tsinke a falwaya ko a tiransifoma, wutar wani gida tana iya tashi ta nufi 400V, irin ranar da unguwa ke wayar gari da ƙonannun talabijin da fankoki. Janareton da na'urar daidaita wutarsa ta lalace shi ma yana yin haka. Cazar da ke cikin motar za ta ƙi wannan wuta ta rubuta lamba, ita kuwa motar lafiyarta ƙalau. Mita ta auna wuta a soket ta isa ta warware wannan cikin minti biyu, ko a gwada caji a wani wuri dabam.

Daga nan sai ƙaramin batirin 12V, wanda mutane ke mantawa akwai shi a motar lantarki. Shi ke ciyar da kwamfutocin motar, kuma idan ya yi rauni sai su riƙa zubo lambobi barkatai waɗanda ba su da alaƙa da juna. Babu altaneta a nan. Wata na'ura ce ke sauko da wutar babban batir zuwa wajen 14V. Idan ta fara turo 16V, lambar P0563 na iya fitowa, kuma laifin nata ne ko na sakin tasha, ba na babban batir ba.

Sai an wuce waɗannan ake duba ƙwayoyi, kuma a nan wayar take biyan kuɗinta. Manhajar tana nuna jadawalin matakan 96 da tazarar da ke tsakanin mafi sama da mafi ƙasa. A lafiyayyen batir tazarar 'yan gomomin mV ce, wato kashi ɗaya cikin dubu na 1V. Ƙwayar da ta yi sama da kowa lokacin caji, sannan ta faɗo ƙasa da kowa idan an taka totur, ita ce mai rauni. Idan kuma ƙwaya biyu maƙwabta ne, ɗaya ta yi sama sosai ɗayar ta yi ƙasa da kusan adadi guda, galibi siririyar wayar awo ce ta saki ko ta yi tsatsa. Bambancin kuɗin gyaran waya da na canza batir ba sai an faɗa ba.

Yana da kyau a san cewa birkin da ke mayar da wuta cikin batir yana raguwa idan batir ya cika. Wanda ya caja ɗari bisa ɗari a Jos ya nufi gangaren Hawan Kibo zai ji motar ba ta riƙe kanta kamar kullum. Kariya ce, ba lalacewa ba, kuma barin caji a kashi 80 ko 90 yana maganinta.

Iyakar mai mota ke nan: ya karanta lamba, ya ɗauki hoton allo kafin a taɓa komai, ya rubuta lokacin da abin ya faru, ko a caji ne ko a gangare. Duk waya mai ruwan lemu a motar ba ta mai rewaya na gareji ba ce, komai gwanintarsa a Corolla. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa tana ɗaukar abin da ya wuce 60V na wutar batir a matsayin mai haɗari, wannan kuwa ya ninka shi fiye da sau shida. Mai gyaran da ya san aikinsa zai sa safar hannu mai jure 1,000V, ya zare filogin da ke raba batirin gida biyu, ya jira mintocin da kamfanin ya ƙayyade don wutar da ke maƙale a inbata ta sauka, sannan ya auna ya tabbatar babu wuta kafin ya kai sifana. Wanda ya ce zai haɗa waya ya tsallake BMS don motar ta karɓi caji, a ɗauke motar daga garejinsa ko da jan ta za a yi.