SHARHI: Idan Korona Ta Ɓulla A Jami'ar Wudil, Ina Za A Kai Ɗalibai?

Ranar Laraba, 14 ga Yuli, 2021, Majalisar Dattawan Jami'ar Legas ta yi zaman gaggawa, ta umarci ɗalibai su fice daga ɗakunan kwanansu zuwa tsakar ranar Alhamis. Dalili shi ne ƙaruwar masu kamuwa da cutar korona a cikin makarantar. Ta kuma ce ragowar darussan zangon za su koma ta intanet daga 26 ga wata. Kwana shida kafin wannan zama, Hukumar NCDC ta sanar da samun nau'in Delta a Najeriya, wanda aka fara ganowa a Indiya, ya kuma fi na baya saurin yaɗuwa. Ranar Lahadi, 18 ga Yuli, kwamitin shugaban ƙasa kan korona, ƙarƙashin Boss Mustapha, ya sanya Kano cikin jihohi shida da aka ce su zauna cikin shirin ko-ta-kwana. Sauran su ne Legas, Oyo, Ribas, Kaduna da Filato, sai kuma Abuja.

Duk wannan ya faɗo ne a makon Babbar Sallah, lokacin da ɗalibai ke watsuwa zuwa garuruwansu, su yi ziyara, su gaisa da dangi, sannan su dawo ɗaki ɗaya. Shi ya sa abin da ya faru a Legas ya shafi Wudil kai tsaye. Garin na ɗauke da manyan makarantu biyu: Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano (sunanta a 2021), wadda ta fara aiki a 2001, da Makarantar Horar da 'Yan Sanda ta Najeriya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tambayar da ke gaban Wudil a Yulin 2021 ita ce: ranar da aka tabbatar da cutar a jikin ɗalibi na farko, me za a yi, wa zai yi, kuma ina za a kai sauran?

Yadda aka koma aji

Jami'o'in Najeriya sun rufe ne a Maris 2020 saboda dalilai biyu da suka haɗu a rana ɗaya. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ba da umarnin rufewa daga 23 ga Maris saboda annoba. A wannan ranar ce kuma ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tsunduma yajin aikin sai-baba-ta-gani, kan tsarin biyan albashi na IPPIS da kuɗaɗen gyaran jami'o'i. Ba a janye yajin ba sai 23 ga Disamba, bayan wata tara cur.

A lokacin da aka janye shi, ƙasar na tsakiyar zagaye na biyu na annobar. Ranar 3 ga Janairu, 2021, cutar ta yi ajalin tsohon Shugaban Jami'ar Legas, Farfesa Oye Ibidapo-Obe. Ministan Ilimi Adamu Adamu ya ce za a sake duba ranar komawa, wani kwamitin Majalisar Wakilai ya nemi a ɗage da wata uku, rassan ASUU da dama sun ce makarantu ba su shirya ba. Duk da haka aka tsaya kan 18 ga Janairu. Ita Jami'ar Bayero soke zangon 2019/2020 ta yi baki ɗaya, ta fara sabo.

Wato abin da ya buɗe ƙofar jami'o'i shi ne ƙarewar yajin aiki da gajiyar iyaye da ɗalibai, ba saukar alƙaluman cuta ba. Wannan ba abin zargi ba ne ga ɗalibin da ya shafe wata goma a gida, shekarunsa na tafiya, ƙa'idar shekara 30 ta hidimar ƙasa na matsowa. Amma yana nufin an koma ne da matakan bakin ƙofa: takunkumi, ma'aunin zafin jiki, bokitin wanke hannu. Waɗannan na rage yaɗuwa, sai dai ba su ne tsarin tunkarar ɓarkewar cuta ba.

Garin da ba ya katanguwa

Wudil na da nisan kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, kan babban titin da ya nufi Maiduguri. Duk motar da ta taso daga Kano za ta Dutse, Birnin Kudu, Azare, Potiskum ko Damaturu, gadar Wudil take bi. Kowace Juma'a kasuwar garin na ci, kuma kasuwar shanunta na cikin mafi girma a Arewa, fatake na zuwa daga jihohi maƙwabta, manyan motoci na lodi zuwa Kudu. A makonnin layya, cinkoson ya fi na kowane lokaci.

Jami'ar ba tsibiri ba ce a cikin wannan hada-hada. Ɗalibai da yawa gidajen haya suke kamawa a cikin gari, wasu kuma da ma'aikata daga Kano suke zuwa su koma, cikin motocin haya da ake cusa fasinja kafaɗa da kafaɗa. Ɗalibin da aka auna wa zafi da safe a bakin ƙofa, da yamma yana teburin mai shayi, da dare yana gidan kallon ƙwallo, ranar Juma'a yana sahu ɗaya da dattawan unguwa.

A nan haɗarin yake. Yawancin matasa kan warke daga korona ba tare da sun kwanta ba, wasu ma ba sa sanin sun kamu. Wanda cutar ke kayarwa shi ne mai gidan hayar da ya haura sittin, da malamin da ke fama da ciwon suga, da mahaifiya mai hawan jini da ke jiran ɗanta ya dawo hutu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da wani bincike a Janairun 2021 da ya nuna haka a lissafe. A gundumomin da manyan jami'o'i suka buɗe aka koma aji, masu kamuwa sun ƙaru da kashi 56 cikin ɗari idan aka gwama mako uku kafin buɗewa da mako uku bayanta. A inda aka yi karatu daga gida, raguwa suka yi da kusan kashi 18.

Kano ta riga ta ga irin wannan

Ba sai an je Amurka ba kafin a san abin da rashin gwaji ke haifarwa. Ranar 11 ga Afrilu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano. Kafin watan ya ƙare, ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya dakatar da aiki na wasu kwanaki, masu haƙar kabari kuma na ba da labarin yawan gawarwakin da ba su saba gani ba. A waɗannan makonni jihar ta rasa dattawa da malamai da dama, ciki har da Farfesa Ibrahim Ayagi da Farfesa Balarabe Maikaba. Gwamnatin jiha ta fara danganta mace-macen da hawan jini, ciwon suga, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona.

Darasi na biyu ya zo ne daga kwashe almajirai. Gwamnonin Arewa sun yi ta mayar da yara jihohinsu na asali da sunan daƙile annoba. Da aka gwada waɗanda aka kai Kaduna da Jigawa daga Kano, an sami masu ɗauke da cutar a cikinsu. Matakin da aka ɗauka don tsare wuri ɗaya, shi ya kai cutar wasu wuraren.

Umarnin a kwashe kaya a tafi gida cikin kwana ɗaya, irin na Legas, wannan illar yake da ita. Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill ta buɗe ranar 10 ga Agusta, 2020, ta mayar da karatu intanet bayan mako guda, da ɗalibai kusan 130 suka kamu. Da irin haka ta yawaita a Amurka, Dakta Anthony Fauci ya gargaɗi jami'o'i cewa tura masu cutar gida shi ne mafi munin abin da za su yi, gara a killace su a cikin makaranta. Ɗalibin Wudil da aka kora ba tare da gwaji ba, mota zai hau zuwa Gaya, Rano, Bichi ko Kurna, ya sauka a gidan da kakarsa take.

Rabin matakin Legas na biyu, wato karatu ta intanet, shi ma bai dace da Wudil ba. Jami'ar kimiyya da fasaha ce, mai koyar da injiniyanci, aikin gona da zanen gine-gine, waɗanda ke buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, gona da wurin aikin hannu. Ga tsadar data, ga rashin wutar lantarki a ƙauyukan da ɗalibai da yawa suka fito. Rufe makaranta a nan tsayar da karatu ne, ko da wane suna aka kira shi.

Abin da ya kamata a tanada

Na farko shi ne gwaji. A lokacin damina, duk zazzaɓin da ya kama ɗalibi, na cizon sauro za a ɗauke shi, ya je kemis ya sayi magani ya koma ɗaki. Jami'ar Illinois ta riƙa gwada yawun ɗalibanta sau biyu a mako, abin da ya fi ƙarfin aljihun jami'ar jiha a Najeriya. Amma akwai gwajin gaggawa mai ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 30, wanda aka yi amfani da shi a sansanonin masu hidimar ƙasa tun da aka sake buɗe su a Nuwamba 2020. Idan asibitin makaranta na gwada duk mai zazzaɓi ko tari gwaji biyu, na sauro da na korona, za a gano ɓarkewa tun tana ɗaki ɗaya.

Na biyu, wurin killacewa a cikin makaranta, na maza daban, na mata daban, da abinci da ma'aikacin lafiya. Haɗe da shi dole a sami rubutaccen alƙawari cewa wanda aka killace ba zai rasa jarrabawa ko makin halartar aji ba. Muddin faɗin gaskiya zai jawo wa ɗalibi maimaita kwas, ɓoye ciwonsa zai yi.

Na uku, iska da ruwa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa cutar na yaɗuwa ta iska a ɗakin da ya cika kuma ba shi da mashigar iska. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 26 ga Janairu, 2021, ta hana tara fiye da mutum 50 a rufaffen wuri, ta kuma tanadi ɗaurin wata shida ga mai karya ta. Duk wanda ya taɓa zama ajin 'yan shekarar farko a jami'ar gwamnati ya san tazarar da ke tsakanin wannan doka da zahiri. Raba manyan azuzuwa gida biyu ko uku da buɗe tagogi ba sa cin kuɗi kamar sabon gini. Ruwa kuwa aiki biyu zai yi, domin Kano ta kasance cikin jihohin da cutar amai da gudawa ta fi yi wa ɓarna a daminar 2021. Famfon da ke zuba a ɗakin kwanan ɗalibai kariya ce daga annoba biyu.

Na huɗu, riga-kafi. Allurar AstraZeneca kusan miliyan huɗu da ta iso ranar 2 ga Maris, 2021, ta ƙare a wannan shekarar, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Idan kashi na gaba ya zo, ya dace a kafa wurin yin allura a cikin jami'ar, a fara da malamai da ma'aikata masu shekaru, a kuma bar ƙofa a buɗe ga mutanen gari.

Na biyar shi ne a san mai yanke hukunci. Jami'ar ta jiha ce, makarantar 'yan sanda ta tarayya ce, kasuwa da tasha kuma na hannun ƙaramar hukuma. Cuta ba ta san wannan rabo ba. Ana buƙatar zama ɗaya da zai haɗa shugabannin makarantun biyu, Babban Asibitin Wudil, jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, hakimi, limamai, shugabannin direbobi da wakilan ɗalibai. A wannan zama za a rubuta adadin masu kamuwa da zai sa a rufe ɗaki ɗaya, da wanda zai sa a rufe ɓangare guda, da wanda zai sa a dakatar da darussa, sannan a manna takardar inda kowa zai gani.

Haƙƙin tambaya

Ɗalibai su ne suka fi kowa asara a rufewar 2020, su ne kuma za su fi kowa asara idan aka sake. Don haka ƙungiyar ɗalibai da ƙungiyoyin 'yan jiha da na tsangayoyi na da hurumin neman amsa a rubuce daga hukumar jami'a da ma'aikatun lafiya da na ilimi mai zurfi na jihar: kayan gwaji nawa ke asibitin makaranta, gado nawa aka ware, mutum nawa aka gwada a wannan mako, nawa aka samu. Fitar da waɗannan alƙaluma duk mako shi ke kashe jita-jita, kuma a Afrilun 2020 Kano ta ga yadda jita-jita ke cike gurbin da gwaji ya bari.

Su ma ɗaliban akwai nasu nauyin. Wanda ya dawo daga hutun Sallah da zazzaɓi ko tari, asibitin makaranta ya kamata ya fara nufa kafin ɗakin kwana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'ar Legas kwana ɗaya ta ba ɗalibanta su tattara kaya. A Yulin 2021, Wudil na da sauran lokacin da za ta tanadi amsar da ta fi wannan, kafin motocin bayan Sallah su gama tsallako gada.