Layin Sukari Ma Yana Bukatar Igiya

A wasu majalisun ekklesiya ana gardama a kan ko ya kamata ajin Zumuntar Mata ya riƙa koyar da adon kek. Waɗansu dattawa suna cewa wannan aikin 'yan birni ne, gara a tsaya ga ɗinki da yin sabulu. Mu dai ba mu yarda da su ba.

Gaskiya ne al'adar baƙuwa ce. Daga Ingila ta zo mana, inda farin kek na aure ya yi suna tun bikin Sarauniya Biktoriya a 1840. Amma ta riga ta zauna. Yau da wuya a ɗaura aure a ekklesiyar ƙauye ba a yanka kek ba, haka kuma ranar keɓe sabon fasto ko bikin gama makaranta. Kuma ba mai zagaye kaɗai ake so ba. Wannan tana son mai siffar buɗaɗɗen Littafi Mai Tsarki, wancan yana son filin ƙwallo domin ɗansa. In ba mai yi a garin, kuɗin birni za su tafi, a kuma ɗauko kek ɗin a kan babur, ya iso rabinsa a rushe.

Inda muke da magana da malamai mata shi ne yadda ake koyarwar. Ana gaggawar zuwa ga furanni, gama fure yana rufe aibi. Amma kek mai siffa layi ne ke riƙe da shi. Littafin da layukansa suka karkace ba ya kama da littafi, filin ƙwallo kuwa ba a iya ɓoye iyakarsa da fure. Mai saye ba ta san kome game da kwaɓi ba, amma idonta ya san karkatacce.

Malamin gona ba ya cewa a yi shuka a layi da ƙiyasin ido, igiya yake ja. Magini ma haka. To, don me za a bar yarinya ta tunkari kek da ido kaɗai? A sami zare mai tsabta, a miƙe shi da hannu biyu, a ɗan danna shi bisa fuskar kek bayan shafen farko ya sha iska. Zai bar alama siririya. Ko a aza rula a yi ɗigo-ɗigo da tsinke. Wannan alama ita za a bi.

Sai kwaɓin. Farin ƙwai ɗaya yana ɗaukar garin sukari wajen giram 200 zuwa 250, da ɗigon lemun tsami. Lalle ne a tankaɗe sukarin da rariya, gama ƙwaya ɗaya tak takan toshe baki, layi ya tsinke a tsakiya. In kwaɓi ya yi ruwa zai baje, in ya yi tauri zai karye. Ƙwan kuma ya zama sabo, marar tsaga, tun da yake ba dafa shi za a yi ba. Ga masu son kwaɓin bota, mu tuna bota takan narke tun zafi bai kai digiri 35 ba, a watan Afrilu kuwa garuruwanmu da yawa sukan kai 40. Da hunturu matsalar dabam ce: kwaɓin ƙwai yakan bushe nan da nan, sai a rufe kwanon da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Abin da ya fi wuyar shiga kan mai koyo shi ne wannan: ba a jan bakin mazurari a kan kek kamar alƙalami. A taɓa wurin farawa, a matsa, a ɗaga hannu kaɗan, sukari ya sauko kamar zare yana rataye, a tafi da shi a hankali ana matsawa daidai, idan an kusa ƙarshe a daina matsawa a sauke. Nauyinsa ne ke miƙar da shi. Hannu ɗaya yana matsawa, yatsan ɗayan yana tallafe, kafaɗa ce ke tafiya ba wuyan hannu ba. Wadda ta manna baki a jikin kek, duk rawar hannunta sai ta fito a layin.

Ba sai an sayi akwatin kayan aiki ba tukuna. Takarda mai hana maiƙo, a naɗe ta kamar ƙunshin gyaɗa, a yanke tsinin kaɗan, ta isa. Kada kuma a koya a kan kek. Yawancin alkamar da muke ci daga waje ake shigo da ita, fulawa ba abin wasa ba ce. A kife faranti a ja layi ashirin, a kwashe tun bai bushe ba, a sake.

A abu guda muna tare da dattawa. Mun ga iyaye suna sayar da hatsi da kaka domin kek mai hawa biyar, sa'an nan su sayi hatsin nan da tsada a watan Agusta. Fastoci su yi magana a kan wannan lokacin shawarar aure, mata masu sana'ar kuma su koyi nuna wa amarya hawa ɗaya da aka ƙawata da kyau.

Roƙonmu ga shugabannin Zumunta shi ne a ware makonni biyu na farkon aji domin layi kaɗai, kada kuma a ba kowa takardar shaida sai ta ja layi goma a jere ba tsinkewa.