Cuta Ta Sauya Kama, Mu Ma Mu Sauya Hali



Aikina zama ne a zauren dattijonmu, ina rubuta masa wasiƙu, ina yi wa baƙi iso. A hunturun da ya wuce, wani matashi ya shigo gaisuwa yana atishawa, muryarsa a dishe. Da na nemi ya tsaya daga nesa, sai ya ce: "Baba, mura ce kawai, ai ina jin ƙamshin abinci." Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Lokacin da korona ta shigo Gana a watan Maris na 2020, aka kulle Accra da Kumasi makonni uku, aka rufe masallatai. Alamomin da muka haddace a lokacin su ne zazzaɓi, busasshen tari, sarƙewar numfashi da gushewar jin ƙamshi da ɗanɗano. To amma ƙwayar cutar tana hayayyafa ne ta hanyar kwafar kanta, kuma kamar mai kwafar littafi da hannu, takan yi kuskure. Daga kurakuran nan sabon nau'i ke fitowa. Delta ta zo mana a tsakiyar 2021 da tsanani. A ƙarshen shekarar Omicron ta iso, ita kuwa ta fi zama a hanci da maƙogwaro fiye da can cikin huhu. Sai alamomin suka koma ciwon maƙogwaro, yoyon hanci, dishewar murya, ciwon kai da kasala, gushewar ƙamshi kuma ta ragu. Allurar rigakafi, wadda Gana ce ƙasar farko da ta karɓa ta shirin COVAX a Fabrairun 2021, da kamuwar da mutane suka riga suka yi, su ma sun rage wa cutar kaifi.

Sauƙin da matashi ke samu bai kai ga tsoho mai ciwon suga ko hawan jini ba. A Nima da Maamobi iyali guda kan kwana ɗaki ɗaya. A Old Fadama ƙura da hayaƙi sun sa tari ya zama abin da ba a ko waiwaya. Zazzaɓi kuwa, ko wane iri ne, sai mu ce na sauro ne, mu nufi kemis ba tare da gwaji ba.

Wani zai ce ƙin gaida babba rashin tarbiyya ne, kuma kwana na hannun Allah. Haka ne. Amma Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, kuma ba mu fi shi tawakkali ba.

Shawarata uku ce. Mai mura ya yi gaisuwa ta waya har ya warke, dattawa kuma su karɓi uzurinsa ba tare da ƙorafi ba. In fita ta zama dole, ya sa takunkumi, ya bar musabaha, a masallaci ko a trotro. Tsohon da numfashinsa ya yi nauyi, ko ya ruɗe, a kai shi asibitin Maamobi ko Korle Bu a ranar, kada a jira gobe.

Allah Ya bar mana dattawanmu cikin ƙoshin lafiya. Amin.