SILIMAN "FARGO": ATTAJIRIN DA YA YI TAYIN KUƊIN FANSAR 'YARSA

Jama'a, yau na ajiye maganar haraji da kuɗin rumfa, na zo muku da zancen silima. Ran Lahadi na kalli wani wasa na Amurka mai suna Fargo, wanda waɗansu 'yan'uwa biyu, Joel da Ethan Coen, suka fitar a 1996. Na yi dariya har da hawaye, sa'an nan na kwanta barci ya ƙi zuwa.

Ga yadda abin yake. A jihar Minesota, ƙasar sanyi da dusar ƙanƙara, akwai wani dillalin motoci ana ce da shi Jerry. Bashi ya yi masa katutu. A ƙarƙashin surukinsa yake aiki, wani attajiri mai suna Wade, wanda ba ya ganinsa da gashi ko kaɗan. Sai Jerry ya tafi garin Fargo ya yi jinga da waɗansu miyagu biyu su sace matarsa, watau 'yar attajirin. Ya ce da su kuɗin fansa dala 80,000 ne, a raba biyu, ga kuma sabuwar mota. Shi kuwa suruki, ya gaya masa dala miliyan 1 ɓarayin ke nema. Kun ji mugun dillali, ya ci mai saye ya ci mai sayarwa. Da aka ƙulla maganar an ce ba wanda za a ko ƙwarzana. Kafin a gama, rai 7 sun salwanta, har da matar.

Abin dariya a ciki wautar miyagun ce. Ɗaya bakinsa ba ya hutawa, ɗaya kuwa sai ya wuni bai ce uffan ba. Mai surutun ya binne dala 920,000 cikin ƙanƙara a gindin shinge, ya ɓoye wa abokinsa, amma ya tsaya suna gardama a kan wa zai ɗauki mota, har aka sare shi da gatari. Haba! Ko yaron kanti ya fi shi lissafi.

To, kowa ya gani zai tsine wa Jerry, kuma ya cancanta, ba ni da abin kāre shi. Amma ni Wade na zuba wa ido, domin 'yan kasuwa kun san irinsa. Jerry ya kawo masa wata harka ta sayen fili, yana neman rancen dala 750,000. Da attajirin da ma'ajinsa suka ga akwai riba, sai suka ce su za su yi cinikin da kansu, shi a ba shi la'ada. Wane ne cikinku bai taɓa kai wa maigida hanyar arziki ba, aka sallame shi da kuɗin goro? Wannan ma ƙarami ne. Da aka ce an sace 'yarsa ta cikinsa, sai ga shi yana shawara ko a taya rabin miliyan, sai ka ce cinikin buhun gyaɗa ake yi. Daga baya ya ce kuɗinsa ne, ba mai riƙe masa su, ya saka bindiga a aljihu ya tafi da kansa. Can aka harbe shi. Ni dai na kasa gane abin da ya je ceto, 'yar ko jakar.

Mutum guda ne ya fita da mutuncinsa, ita ce Marge, shugabar 'yan sandan wani ɗan gari wai shi Brainerd, da cikinta na wata 7. Ba ta mari kowa ba, ba ta karɓi ko sisi ba. Tambaya kawai take yi da fara'a, ta rubuta, ta dawo ta sake tambaya, har Jerry ya rikice ya tsere. Frances McDormand da ta fito a matsayinta ta ci lambar Oscar, haka su Coen suka ci ta rubutun labari.

A nan ne dariya ta ƙare mini. Sata irin wannan a wurinmu ba wasan silima ba ce. Mun ga talaka ya sayar da gona da shanun huɗa don ya fanso ɗansa, ba shi da suruki mai miliyan, ba shi da wanda zai bi masa sawu. Idan 'yan jam'iyya suka tsaya a kan dandamali suna cewa a yi wa talaka aiki, to, irin aikin matar nan muke nufi: a zo da wuri, a duba gawa, a rubuta lambar mota, a bi ta har inda ta kwana.

Abu biyu zan gargaɗe ku. A farkon wasan an rubuta wai labarin gaskiya ne da ya faru a 1987. Kada ku yarda, masu shi sun amsa daga baya cewa shirya shi suka yi. Na biyu, akwai jini da ashar da yawa, har da inda ake cusa gawa cikin injin niƙa itace. Ku bar yara a gida.

Naku,
Akawun Reshe